Takobin haske na dala miliyan 3.6: me mai saye yake biya wa kuɗinsa?

Malam Habibu

Assalamu alaikum. Tun da na karanta labarin gwanjon da kamfanin Propstore ya yi a Los Angeles a watan Satumban 2025 nake juya maganar a raina, shi ya sa na ga gara in kawo ta nan, inda na san akwai waɗanda suka fi ni sanin harkar. An sayar da takobin haske na Darth Vader, mugun fina-finan sararin samaniya na Star Wars, wanda aka yi amfani da shi a fim na biyu da na uku na jerin, a kan dala 3,654,000. Abin da ya ɗaure mini kai ba yawan kuɗin ba ne kawai. Asalin wannan takobi mariƙin fitilar kyamara ne ƙirar Ingila, aka manna masa 'yan ƙarafa da roba. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, mai ɗaukar hoto ne, kuma na taso ina ganin irin wannan mariƙi a shagonsa: bututun ƙarfe mai kama da tocila, ana zuba masa batura, a ɗaura masa faifan azurfa a ka, a cusa ƙwan fitila wanda ke ƙonewa a ɗauka guda. Da ya lalace, cikin kwali aka jefa shi. To, mene ne ya shiga jikin wancan ƙarfe har ya zarce na shagonmu da wannan tazara?

Injiniya Tukur

Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Allah Ya gafarta wa Baba. Tambayarka ta taɓa jijiyar sana'ar, domin ƙarfen da kansa ba shi da wata daraja ta a zo a gani, kuma kusan duk makaman fina-finan farko na Star Wars haka aka harhaɗa su daga tarkace. Takobin Luke Skywalker, gwarzon labarin, daga mariƙin fitilar kyamarar Graflex aka yi shi, wanda mai ƙawata dandali Roger Christian ya samo a wani shagon kayan hoto a Landan, sannan aka ƙara masa wani ɗan gilashi mai ƙuraje da aka ciro daga na'urar lissafi. Bindigar Han Solo, abokin Luke, kuwa tsohuwar bindigar Jamus ce ƙirar Mauser, kuma wadda ta rage daga fim ɗin 1977 an sayar da ita a 2022 a kan dala 1,057,500.

Abin da ake saye shi ne hujjar cewa wannan ƙarfen, ba ɗan'uwansa ba, shi ne kyamara ta ɗauka. Masu harkar suna raba kayan fim gida-gida. Akwai na kusa da kyamara, wanda ake ƙera shi da ƙarfe da cikakken ado saboda za a nuna shi a hannun jarumi. Akwai na faɗa da tsalle-tsalle, wanda galibi roba ce don kada a ji wa kowa ciwo. Akwai na 'yan rakiya da ke can nesa, wanda ko fenti ba a gama masa da kyau ba. Sannan akwai wanda aka ƙera don fim ɗin amma har aka tashi ba a taɓa ɗaukarsa ba. Dukkansu sun fito daga ɗaki guda, amma farashinsu kamar sama da ƙasa.

Da yake a Ingila nake zaune, na taɓa zuwa baje kolin da ake yi kafin ranar gwanjo, na ga yadda ake tantancewa da idona. An ajiye wata hular sama jannati a cikin gilashi, gefenta kuma an liƙa hoton da aka tsayar daga fim ɗin, an zana jan da'ira a kan wani ɗan ƙarce da bai fi tsawon farce ba, da wani wuri inda fenti ya ɗiga ya bushe. Ka dubi hoton, ka dubi hular, ka ga ƙarcen nan a wuri guda da lanƙwasa guda. Wani dattijo da ke kusa da ni ya fito da gilashin ƙara girma daga aljihu, ya fi minti goma bai ɗago ba. A wannan kasuwa tabo shi ne ado.

Hajiya Rabi

Injiniya, na ji bayaninka, amma ku yi mini afuwa in faɗi abin da na san wasu suna tunani sun yi shiru. A wurinmu idan aka ce kayan gwanjo, tsofaffin tufafi ake nufi, waɗanda talaka ke saye saboda araha. A can kuwa sai ga shi gwanjo ya zama wurin da ake zuba dukiyar da za ta gina asibiti a kan abin da ba ya yanka ko albasa. Ni dai ban ga sunan da za a kira wannan ba in ba almubazzaranci ba.

Zulaihat

Hajiya, ba zan kare kowane farashi ba, domin wasu alƙaluman ni ma suna sa ni kama baki. Sai dai ina so mu tuna yadda wannan kasuwa ta samo asali, saboda ba masu kuɗi ne suka fara ta ba. Kamfanonin fim ba su ɗauki waɗannan kaya da wata daraja ba sam. A 1970 kamfanin MGM ya tattara kayan da ya tara shekara da shekaru, tufafi da kujeru da motoci da jiragen ruwa, ya sayar wa wani dillali, shi kuma ya yi musu gwanjo na kwanaki. Jaruma Debbie Reynolds ta kwashe kuɗinta ta sayi abin da za ta iya don kada tarihi ya watse, kuma ta yi ta neman a gina musu gidan tarihi ba ta yi nasara ba, har daga baya ita ma ta sayar da su.

Mutum-mutumin nan Robby na fim ɗin Forbidden Planet na 1956 misali ne mai kyau. Bayan ya bar hannun MGM an kai shi wani gidan baje koli a Kalifoniya, inda 'yan kallo suka riƙa ɓalle masa sassa suna tafiya da su. Darakta William Malone ne ya saye shi a wulaƙance, ya gyara shi, ya riƙe shi shekaru masu yawa a gidansa, kafin kamfanin Bonhams ya sayar da shi a New York a watan Nuwamban 2017 a kan dala 5,375,000. Da ba a sami mai son sa haka ba, da tuni ya zama tarihin baka.

Dubi kuma fim ɗin 2001: A Space Odyssey na 1968. Galibin ƙananan kumbunan da aka ƙera dominsa ba su tsira ba. Da guda ɗaya, kumbon sauka a duniyar wata, ya ɓullo a gwanjo a 2015, hukumar da ke ba da kyautar Oscar ce da kanta ta shiga layin masu tayi, ta biya dala 344,000 don ta ajiye shi a gidan tarihinta. Wato masana'antar ta dawo tana sayen abin da ta yi sakaci da shi.

Hajiya Rabi

Na karɓi wannan ɓangaren, 'yar'uwa. Wanda ya tsinci abu a bola ya adana shi ya cancanci yabo. Amma wanda ya zo bayan shekara arba'in da miliyoyi ba ceto ya yi ba, saye ya yi, kuma sau da yawa ko sunansa ba a bayyanawa, balle a san inda kayan ya nufa. Zan dawo kan wannan.

Malam Habibu

Bayanin Injiniya ya tuna mini da yadda malamanmu ke auna ruwaya. Ba su tsaya ga daɗin zance ba, sai sun tambaya wa ya ji daga wa, kuma shi wanda ya ji ɗin an san shi da gaskiya da ƙarfin hadda ko kuwa. Ina ganin a nan ma silsila ce ake nema: daga ɗakin ƙira zuwa hannun ma'aikaci, daga ma'aikaci zuwa magadansa, daga magada zuwa dillali. To ina so in sani, idan silsilar ta yi kyau, shi ke nan an huta?

Injiniya Tukur

Ko kusa, Malam. Zan ba ka labarai biyu, kuma dukkansu sun fito a jaridu.

A watan Disamban 2018 kamfanin Profiles in History ya shirya sayar da wani takobin haske da aka ce na Luke ne daga fim ɗin farko, kuma daga hannun Roger Christian ɗin da na ambata ya fito, mutumin da ya ƙirƙiro takobin tun asali. A ma'aunin silsila ba za ka sami wadda ta fi wannan gajarta ba. Amma masu bibiyar harkar suka yi ca, suna kwatanta shi da hotunan fim, shi ma Mark Hamill, wanda ya riƙe takobin a fim, ya ja hankalin masu saye cewa ba takobi guda ya yi amfani da shi ba, da yawa ne. Kamfanin ya janye kayan kafin ranar gwanjo. Ba ina cewa an yi nufin zamba ba. Ina nuna cewa maganar mutumin da ya halarci wurin ma ba ta isa ita kaɗai ba bayan shekara arba'in.

Na biyun ya fi ban tausayi. A watan Oktoban 2006 kamfanin Christie's ya yi gagarumin gwanjon kayan Star Trek, shahararren shirin kumbo na talabijin da fim, a New York, kayan da suka fito kai tsaye daga rumbun kamfanin fim, aka tara sama da dala miliyan 7, samfurin kumbon Enterprise-D kaɗai ya tashi a dala 576,000. Wani mai saye ya biya wajen dala 6,000 a kan wata 'yar hular kare ido da aka danganta ga Data, wani mutum-mutumi a cikin shirin. Da ya kai wa jarumin da ya fito a matsayin Data, Brent Spiner, don ya sa masa hannu, sai jarumin ya ce masa ba ita ce ya sa a fim ba. Mutumin ya kai ƙara yana neman miliyoyi, kotu ta kori ƙarar, kuma daga cikin dalilan har da sharuɗɗan gwanjon da suka ce ana sayar da kaya ne yadda suke. Waɗannan ƙananan rubuce-rubuce na bayan kundin gwanjo, waɗanda ba wanda ke son karantawa, su ne suka yanke hukunci.

Nasiru

Yaya Tukur, da na ji wannan shekara uku da suka wuce da ban yi asara ba. Ni ba na cikin masu miliyoyi, amma ina da sha'awar abin, kuma na taɓa sayen wani ɗan baje na ƙirji a intanet daga wani mai sayarwa da ya ce an yi amfani da shi a wani shirin kumbo na talabijin. Ya haɗo da takardar shaida mai hatimin zinare da sa hannu, ni kuwa hatimin nan ne ya ruɗe ni. Da kayan ya iso bayan wata biyu, sai na juya bayansa na ga layuka sirara a jere, irin waɗanda na'urar ƙira ta zamani ke bari, alhali shirin an yi shi tun kafin irin wannan na'ura ta shiga hannun mutane. Na koma na karanta takardar a tsanake, sai na ga babu inda ta ce an sa shi a shirin. Cewa ta yi kawai ya dace da wanda aka gani a shirin. Mai sayarwar da kansa ne ya buga takardar, ya kuma sa mata hannu. Kuɗin da ya tafi ya kai albashina na wata guda, kuma har yau bajen yana cikin durowa, ban iya jefar da shi ba, ban kuma iya nuna wa kowa ba.

Zulaihat

Allah Ya mayar maka da alheri, Nasiru. Takardar da mai kaya ya rubuta wa kansa ba ta wuce rantsuwar ɗan kasuwa ba.

Ina da tambayar da ta fi wannan wuya, kuma ina so in ji ra'ayin Injiniya. A watan Yunin 2017 an sayar da R2-D2, ɗan gajeren mutum-mutumin Star Wars, a kan dala miliyan 2.76. Kamfanin gwanjon bai ɓoye ba cewa wani mai tarawa ne ya harhaɗa shi a tsawon shekaru daga sassa daban-daban, kan daga wannan fim, ƙafafu daga wancan. Kowane sashe na gaske ne, amma wannan R2-D2 ɗin a dunƙule bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba ko sau ɗaya. A ganina kamar bakanike ne ya sayo inji daga wata mota, ƙofofi daga wata, tayoyi daga wata, ya haɗa, sannan a ce ga motar da sarki ya hau.

Injiniya Tukur

A nan zan saɓa miki kaɗan. Misalinki zai zauna daram da a ce akwai mota guda da sarkin ya hau. R2-D2 bai taɓa zama guda ba: akwai wanda ɗan wasa Kenny Baker ke shiga ciki, akwai mai tafiya da rimot, kuma ma'aikata suna musanya kawuna da ƙafafu tsakaninsu gwargwadon abin da ɗaukar ranar ke buƙata. Saboda haka harhaɗawar ba baƙuwar aba ba ce ga wannan kaya. Sharaɗina ɗaya ne, a faɗa wa mai saye dalla-dalla wane sashe ne daga ina, kuma wane ne aka ƙera daga baya don cike gurbi. Idan an faɗa, ciniki ya halatta. Ko ya kai wannan farashi, wannan kuma tsakanin mai saye ne da aljihunsa.

Zulaihat

Ban gamsu gaba ɗaya ba. Kai ne ka ce tabo shi ne ado, saboda tabon yana ɗaure kaya ga wani daƙiƙa guda a fim. Harhaɗaɗɗen kaya ba shi da wannan daƙiƙa. Kwatanta shi da ƙaramin jirgin yaƙi na X-wing da kamfanin Heritage ya sayar a Dallas a watan Oktoban 2023 a kan dala 3,135,000. Tsawonsa inci 20 ne kacal, yana cikin guda huɗu da aka ƙera da fukafukai masu buɗewa don ɗauka ta kusa, kuma an daɗe ana ɗaukar ya ɓata, sai da maƙerin samfura Greg Jein ya rasu a 2022 abokansa suka gano shi a cikin kwali a garejinsa. Wannan abu guda ne, yadda aka ƙera shi haka yake. Ni a wurina ba za a auna su da mudu ɗaya ba.

Hajiya Rabi

Yanzu kun kawo ni inda nake jira. Wannan jirgi ya yi shekaru a kwali ba wanda ya gan shi, an fito da shi, an nuna shi na 'yan makonni, an buga guduma, ya sake shigewa gidan wani. Ina ribar masu kallon da suka sa fim ɗin ya yi suna har kayansa ya yi tsada? Ku kwatanta da babban samfurin kumbon Enterprise na Star Trek mai tsawon ƙafa 11, wanda kamfanin Paramount ya ba gidan tarihin Smithsonian a Washington tun 1974. Yaro ɗan makaranta zai shiga kyauta ya tsaya gabansa. Idan farashi ya ci gaba da hawa haka, gidajen tarihi ba za su iya tayawa ba, sai dai su jira alfarmar mai kuɗi ya ba su aro.

Injiniya Tukur

Hajiya, a wannan ba ni da ja, kuma akwai wani abin da ke ƙara wa maganarki ƙarfi. Waɗannan kaya ba a ƙera su don su daɗe ba. Ana so su kai ƙarshen ɗaukar fim ne kawai. Soson robar da ake yin fatar halittu da shi yana bushewa ya farfashe kamar tsohon burodi, manne yana saki, fenti yana dusashewa a hasken rana. E.T., baƙuwar halittar sararin samaniya ta fim mai wannan suna, da kamfanin Julien's ya sayar a watan Disamban 2022 a kan dala miliyan 2.56, wanda Carlo Rambaldi ya ƙera, ƙwarangwal ne na ƙarfe da wayoyi, babu fatar. Wanda ya sayi irin wannan kaya ya ajiye shi a falo kusa da taga zai kashe shi cikin 'yan shekaru, alhali gidan tarihi yana da ɗaki mai daidaitaccen sanyi da danshi, da ma'aikatan da aikinsu ke nan.

Amma kasuwar tana da nata amfani ko a nan. Ƙaramin samfurin Enterprise mai ƙafa uku, wanda ya ɓace tun shekarun 1970, a shafin saye da sayarwa na eBay ya ɓullo a ƙarshen 2023, masoya shirin suka gane shi nan take, aka janye tallar, Heritage ya tantance shi, kuma a watan Afrilun 2024 aka miƙa shi ga ɗan Gene Roddenberry, wanda ya ƙirƙiro shirin Star Trek. Da ba don idon masu tarawa ba, da ya wuce a matsayin kayan wasan yara.

Nasiru

Ina da ƙaramar tambaya ta lissafi. Na ga wasu jaridu sun ce takobin Vader ya tashi a dala miliyan 2.9, wasu kuma sun ce 3.6. Wanne ne daidai?

Injiniya Tukur

Dukkansu daidai ne, ƙanena. Miliyan 2.9 shi ne tayin ƙarshe da aka buga wa guduma. A kan wannan kamfanin gwanjo yana ɗora la'adarsa a wuyan mai saye, a wannan karon kashi 26 cikin ɗari, shi ne ya kai jimlar 3,654,000. Shi ma mai kaya yawanci ana cire masa tasa la'adar daga ɗaya ɓangaren, wato dillali yana ci ta gaba yana ci ta baya. Bayan haka akwai haraji, da inshora, da kuɗin akwati da jigila, sannan idan kayan bindiga ce ta gaske da aka yi wa ado, kamar ta Han Solo, dokar makamai ta shigo, ba za a saka maka ita a jaka ka hau jirgi ba. Duk wanda ke tunanin zai saya bana ya sayar baɗi ya ci riba, sai farashin ya hau da fiye da kashi ɗaya bisa huɗu kafin ma ya mayar da uwar kuɗinsa.

Malam Habibu, kafin in manta, kada ka raina kwalin shagon Baba. Saboda masu ƙera kwaikwayon takobin haske sun yi shekaru suna farautar mariƙin Graflex na asali, farashinsa ya tashi sosai, har masu tara tsofaffin kyamarori suna ƙorafin an bar musu kyamarori babu fitila. Ka duba gindin bututun, a nan ake buga sunan kamfani.

Malam Habibu

Injiniya, maganarka ta sa na kira ƙanena da ke riƙe da makullin tsohon shagon, ya buɗe kwalin jiya da yamma ya turo mini hotuna. Mariƙin yana nan, faifansa ya lotse ta gefe guda, batura biyu sun narke a ciki sun bar farin gari kamar kanwa. Ya goge gindin da tsumma da ɗan kananzir, rubutun ya fito, amma ba Graflex ba ne, wani kamfanin Japan ne. A jikin bututun akwai wurin da ƙarfen ya yi santsi ya sauya launi, daidai inda babban yatsan Baba ke zama. Na ce masa ya cire baturan, ya naɗe shi a tsumma mai tsabta, kada ya ƙara goge wannan wurin, zan karɓa idan na je gida da Sallah.